Daga gona zuwa filotai: yadda ake yanka fili a bisa ƙa'ida ba tare da an bar baya da ƙura ba

Duk wanda ya daɗe bai bi titin Gwarzo ba, idan ya wuce Rijiyar Zaki ya doshi Janguza sai ya riƙe baki. Inda a da ake ganin gero da dawa sun yi kore shar a watan Agusta, yanzu tarin bulo ne da tifofin yashi da rabin gini. Haka abin yake ta ɓangaren Mariri, da Gunduwawa a hanyar Haɗeja, da Zawaciki. Gari yana cin gona, kuma babu mai iya tsayar da shi. Manomin da birni ya iso bakin gonarsa, ko magadan da aka bar wa gona a irin wannan wuri, dole wata rana maganar yanka ta zo masu. Abin da ya rage a hannunsu shi ne yadda za a yanka.

Hanyar da aka fi sani ita ce awon igiya. Mai gona ya kira dillali, a sanar da mai unguwa, a zo da igiya ko tef, a buga fegi, a bar lungu ƙafa goma ko sha biyu, kafin mako ya zagayo an fara karɓar kuɗi. Yana da sauri, shi ya sa ake son sa. Amma na zauna a unguwar da aka yanka haka, na kuma ga ranar da gobara ta tashi a wani gida da ke can ƙuryar layi: motar kwana-kwana ta zo kan lokaci, ta tsaya a bakin titi ta kasa shiga, samari suka yi ta jidar ruwa a bokiti har rufin ya faɗa. Wanda ya yanka wurin ya daɗe da rasuwa, lungun da ya bari kuwa yana nan yadda ya bar shi. Wannan jagora ta wanda yake so ya bi ɗaya hanyar ce, mai jinkiri, wadda a ƙarshenta kowane fuloti yake da titi, da lamba, da takardar da hukuma ta san da ita. Zan fi kafa misali da Kano, amma dokar mallakar fili ɗaya ce a duk Najeriya, sunayen ofisoshi da tsarin aikin kowace jiha ne ke bambanta.

Mataki na farko: gyara cikin gida

Kafin ka je kowane ofis, zauna da 'yan'uwanka. Yawancin gonakin da ake yankawa na gado ne, kuma da yawa daga cikin shari'o'in fili da ke kotuna ba da gwamnati ake yin su ba, tsakanin dangi ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ba a raba gado ba, gonar ba taka ba ce kai kaɗai ko da kai ne babban wa, ko da kai ke noma ta shekara ashirin. A je kotun shari'ar Musulunci, ko a kira malamin da ya san ilimin rabon gado, a ƙididdige magada ɗaya bayan ɗaya: matan mamaci, 'ya'ya mata da suka yi aure a wani gari, jikokin da kason iyayensu ya faɗo kansu, wanda ya tafi ci-rani aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Gwaggon da ta ce "ku je ku yi, na yafe" a tsakar gida, a roƙe ta ta faɗa a gaban shaidu a rubuta ta dangwala hannu. Ita ba za ta tayar da magana ba, amma 'ya'yanta za su iya, ranar da suka ji nawa aka sayar da fuloti ɗaya.

Akwai kuma haƙƙin shuf'a a fiƙihun Malikiyya: idan gona ta tarayya ce ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da damar biyan kuɗin ya karɓe. Mai saye da ya san wannan ba zai taɓa gonar da ba a raba ba. Idan akwai marayu ƙanana, kotu ta naɗa masu waliyyi a rubuce. Dokar ƙasa ma ba ta yarda gwamna ya ba wanda bai kai shekara 21 ba takardar mallaka kai tsaye, sai ta hannun mai kula da shi.

Sannan a bincika ko akwai wani nauyi a kan gonar. An taɓa ba da ita jingina? Akwai wanda aka ba aro ya daɗe har yana ganin tasa ce? Itatuwan ɗorawa da mangwaron da ke ciki na waye? A ƙauye ba abin mamaki ba ne ƙasa ta zama ta wani, bishiya ta wani. Idan magada sun yarda a yanka a dunƙule, su wakilta mutum ɗaya ko biyu a rubuce, su kuma buɗe asusun banki na wannan aiki kaɗai. Kuɗin fili idan ya shiga aljihun mutum ɗaya, zumunci ne ke biya.

Mataki na biyu: san matsayin gonarka a idon doka

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Obasanjo kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kai kake da shi haƙƙin zama da amfani ne. Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin yankin birni tana ƙarƙashinsa kai tsaye. Sauran kuwa ƙaramar hukuma ce ke kula da ita, tana iya ba da takardar mallaka irin ta gargajiya, har hekta 500 don noma. To amma gwamna yana da ikon ba da takarda a ko'ina, birni ko ƙauye.

Tambayar farko ke nan: gonarka ta faɗa yankin birni ko ba ta faɗa ba? Kada ka yi hukunci da ido. Wuri yana iya zama da rumbuna da turken shanu, amma a taswirar gwamnati birni ne tuntuni. Ƙananan hukumomi takwas ake lissafawa a ƙwaryar birnin Kano, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, amma gini ya riga ya tsallaka zuwa Gezawa, Dawakin Kudu, Tofa da Dawakin Tofa. Amsar tana ma'aikatar ƙasa, ba ta wurin dillali.

Ga dalilin da ya sa tambayar take da nauyi. Sashe na 36 na dokar ya yi magana a kan gonakin da ke wajen birni waɗanda mutane ke nomawa tun kafin 1978. Ya ce su ci gaba da riƙe su don noma, amma ya hana a yanka su filotai, ya kuma ce takardar cinikin da aka yi a kansu ba ta da ƙarfi, har da tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Naira dubu biyar yanzu ba ta cika tankin babur, amma rashin ingancin takardar shi ne abin tsoro. Sashe na 34 kuma na filayen cikin birni ne waɗanda ba a gina ba lokacin da dokar ta fito: mai fili yana riƙe rabin hekta, abin da ya haura ya koma hannun gwamna, kuma ko rabin hektar ba a yanka ta sai da izinin gwamna a rubuce. A aikace ba kullum ake bin wannan sau da ƙafa ba, amma yana nan a littafi, kuma a ganina shi ya sa gwamnati ke magana da ƙarfi idan aka zo batun kason filotan da take ɗauka a sabon fili.

Idan kuma gonarka tana da satifiket, wato takardar mallaka ta gwamnati, ɗauko shi ka karanta. A ciki an rubuta abin da aka ba ka ƙasar dominsa. Idan an ce noma, to gina gidaje a kai saɓa sharaɗi ne, kuma saɓa sharaɗi yana cikin dalilan da doka ta ba gwamna na soke takarda. Abin da za ka nema ke nan shi ne a sauya manufar filin daga noma zuwa gidajen zama. Wannan sauyi shi ne ƙashin bayan duk aikin.

A Kano ƙofofi uku za ka ƙwanƙwasa: ma'aikatar ƙasa da tsare-tsare mai kula da mallaka, hukumar KANGIS mai ajiye bayanan filaye a kwamfuta, da hukumar tsara birane KNUPDA mai duba zane da ba da izinin gini. A Kaduna takwarorinsu su ne KADGIS da KASUPDA. Abuja kuwa daban take, ministan babban birnin tarayya ne ke ba da fili. Kowace jiha da nata tsarin, domin Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne, saboda haka kada ka ɗauki abin da abokinka ya yi a Katsina ka ce haka za a yi a Bauci.

Ka nemi a yi maka bincike a rubuce a kan abu uku: ko gwamnati ta riga ta karɓi wurin ko ta zana shi a wani tsari, ko akwai wata takarda da ta hau kansa da sunan wani, da kuma abin da babban tsarin gari ya ware yankin dominsa. Idan an ware shi don masana'antu ko noman rani, ko yana kan layin wani aiki kamar jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ko bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kano, gara ka sani tun ba ka kashe ko sisi ba. Gonakin da ke cikin aikin noman rani na Kadawa, a yankin Kura da Garun Malam, ba wurin yanka filotai ba ne, kuma ni da za a tambaye ni ko an yarda ban ba da shawara ba: ƙasar da ke ba da shinkafa da tumatir sau biyu a shekara ta fi gidan haya.

Mataki na uku: safiyo

Ɗauko safiyo, wato mai awon ƙasa, mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, ba yaron da ya koyi riƙe na'ura ba. Ka nemi lambar rajistarsa, ba rashin kunya ba ne. Ranar awo a gayyaci maƙwabtan gona ta kowace kusurwa, da mai unguwa ko wakilin dagaci, a bi iyaka da ƙafa. Inda aka yi gardama a kan wane jan yaro ne iyaka ko wace kuka ce shaida, a warware a wurin kafin a dasa siminti.

Abu biyu kake so daga gare shi. Na farko taswirar kewayen gona mai lambobin duwatsun iyaka da girmanta a murabba'in mita. Na biyu, wanda mutane ke ƙin biya saboda ƙarin kuɗi, awon tudu da gangare. Shi ke nuna inda ruwa ke bi. Jigawa da fadama duk ɗaya suke a ido cikin watan Maris. Idan za ka iya, je gonar da kanka washegarin ruwa mai ƙarfi a Agusta, ka ga inda ya kwanta da inda ya yi hanya. Tambayi tsofaffin wurin ina ne ake cire takalmi da damina. Abin da za su gaya maka a kyauta ya fi wani rahoton.

Sau da yawa a nan ne mai gona ke shan mamaki. Gonar da ake cewa eka biyar tun zamanin kaka sai ta fito eka uku da rabi. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuwa 10,000, kusan eka biyu da rabi ke nan.

Mataki na huɗu: zane, da lissafin da ke sa dillali ɓata rai

Zanen unguwa aikin mai tsara gari ne wanda ke da rajista da TOPREC, hukumar da ke yi wa masu tsara gari rajista. Safiyo yana auna abin da ke ƙasa, shi kuma wannan yana tsara abin da za a yi da shi. Hukuma ba ta karɓar zanen da ba shi da hatimin mai rajista.

Bari mu ɗauki gona mai hekta biyu, tsawo mita 200, faɗi mita 100, dogon gefenta yana kallon titin da ake da shi. Fuloti na yau da kullum mita 15 ne a 30, murabba'in mita 450. Dillali zai ɗauko waya ya raba 20,000 da 450, ya ce maka, "Alhaji, arba'in da huɗu za ta ba mu." Gaskiya ne, idan mutanen za su riƙa sauka gidajensu daga sama.

Ga yadda mai zane zai iya yi. Sahun farko mai zurfin mita 30 ya kalli babban titi. Sahu na biyu ya jingina baya da shi ya kalli ciki. Sai titi mai faɗin mita 10. Sai sahu na uku a ɗaya gefen titin. Talatin da talatin da goma da talatin, ɗari cif. A tsawon kuma a cire hanyoyi biyu masu mita 10 da za su haɗa titin ciki da babban titi, saura mita 180, wato filotai 12 a kowane sahu. Jimla 36. A ware uku ko huɗu don masallaci, makarantar Islamiyya, rijiyar burtsatse da wurin taransifoma, ka tashi da 32 ko 33. Wannan ma gonar ta yi sa'ar siffa ne da titi a gefe. Idan karkatacciya ce, ko hukuma ta ce a faɗaɗa titi ko a ja baya daga babbar hanya, sa ranka a kan talatin ko ƙasa da haka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gona yakan tafi a hanya da magudana da wurin jama'a.

Filotai goma sha biyun da suka ɓace su ne mutane ke kallo su koma awon igiya. Amma duba ɗaya gefen. Fulotin da mota ke shiga har ƙofa, mai lamba a zanen da gwamnati ta amince da shi, wanda banki zai iya karɓar takardarsa, ba kuɗinsu ɗaya da na cikin lungu ba, kuma ba irin mai saye ɗaya suke jawowa ba. Titin da kake ganin ka yi asararsa shi ke ɗaga farashin abin da ya rage.

Wani ƙaramin abu mai jawo babbar rigima: ƙafa da mita. A bakin mutane "hamsin a ɗari" ake cewa, wato ƙafa 50 a 100. Wannan mita 15.24 ne a 30.48, kusan murabba'in mita 465. Zanen hukuma kuwa yakan zo da 15 a 30. Bambancin kusan murabba'in mita 15 ne, wurin banɗaki da madafa. Idan ka tallata da ƙafa ka miƙa da mita, ranar da magini ya ja igiya za a neme ka. Rubuta girman da mita, kamar yadda yake a zane.

Akwai wuraren da ba a taɓawa ko da suna tsakiyar gonarka. Ƙarƙashin babbar wayar wuta mai ƙarfin kilobolt 330 ana barin faɗin mita 50, mai 132 kuma mita 30. Titin gwamnatin tarayya yana da haƙƙin mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Haka bakin rafi, da bututun mai ko gas, da tsohuwar maƙabarta. Burtali ma kada a toshe shi; shanun da suka saba bi ba su karanta taswira, kuma rigimar da ke biyo baya ta fi ƙarfin fuloti biyu. Kududdufin da ke gefe, wanda kowa ke ɗokin cikewa ya sayar, shi ne tulun da ruwan unguwa ke taruwa. Idan za a cike shi, sai zane ya nuna inda ruwan zai koma.

Hanyoyinka kuma su dace da na maƙwabta. Idan gonar gabas an riga an yanka ta, titinka ya haɗu da nasu baki da baki. Idan ba a yanka ba, bar hanya har iyaka don wanda zai zo daga baya. In ma za ku iya haɗa kai ku uku ko huɗu masu gonaki a jere ku kai zane ɗaya, ya fi araha, ya fi kyau, kuma hukuma ta fi saurarar sa.

Mataki na biyar: kai takardu da jiran amsa

Abin da aka saba nema bai wuce waɗannan ba: takardar roƙo da ke bayyana cewa kana so a sauya filin daga noma zuwa gidaje a kuma amince da zane, shaidar mallaka ko ta gado tare da wasiƙar dagaci da hakimi, taswirar safiyo, kwafin zane, rahoton mai tsara gari a kan yanayin wurin, shaidar biyan haraji, hotuna da katin shaida. Idan akwai tsohon satifiket, a biya bashin kuɗin ƙasa da ya taru a kansa. Dokar tarayya ta 1992 ta wajabta cikakken binciken tasiri ga muhalli a kan rukunin gidajen da ya kai hekta 50, don haka ƙaramin aiki irin naka bai kai nan ba, sai dai jiha tana iya neman ɗan taƙaitaccen rahoto.

Jami'ai za su fito duba wuri. Ka kasance a can da safiyonka, duwatsun iyaka a bayyane, ba ciyawa ta rufe su ba. Kusan ko yaushe zane yakan dawo da gyara: a faɗaɗa nan, a buɗe can, a ƙara wurin jama'a. Kada ka ɗauke shi a matsayin ƙiyayya. A gyara a mayar.

Maganar kaso za ta taso. An saba idan gwamnati ta shigo cikin yanka gona, wani adadi na filotai yakan tafi gare ta, sauran ga mai gona. Nawa ne, kuma waɗanne lambobi, wannan ya danganta da jiha da gwamnatin da ke ci. Abin da zan ce kawai: a rubuta, da lambar kowane fuloti, a takarda mai kan ofis da sa hannu. Filotan bakin titi da na kusurwa sun fi tsada, kada ka farka ka tarar duk naka na ƙurya ne.

Kowane kuɗi a biya shi a asusun gwamnati a karɓi rasit. A harabar irin waɗannan ofisoshi ba a rasa mai tare ka da fara'a ya ce, "Yallaɓai, kawo fayil ɗin, sati biyu ka zo ka karɓa." Wani ɗan'uwana ya bi irin wannan, aka kawo masa takarda mai hatimi kyakkyawa, sai da ya sayar da filotai shida mai saye na bakwai ya je bincike aka ce babu fayil mai wannan lamba. Riƙe lambar fayil ɗinka da kanka, ka riƙa leƙawa. Aikin watanni ne, wani lokaci ya haura shekara. A wannan tsakanin ci gaba da noma gonarka. Gonar da aka bari ta yi saura tana kiran masu ido.

Kuma kada ka sayar da ko taku ɗaya kafin amincewa ta fito a rubuce. Idan ka karɓi kuɗin mutum a kan fuloti na 14, hukuma ta gyara zane titi ya bi ta kansa, kai za a kama.

Mataki na shida: sauke zane a ƙasa

Da amincewa ta fito, safiyo ya dawo ya dasa siminti a kusurwa huɗu na kowane fuloti, da lamba. Nan take a kawo gireda ta buɗe tituna. Wannan ba ado ba ne: titin da ke takarda kawai, cikin shekara biyu wani zai ci taku uku da katangarsa, na gaba ya ci biyar. Titin da aka kankare aka zuba masa marmara kowa yana jin nauyin shigarsa. Idan kuɗi ya ba da dama a ja lambatu a sa kwalbati a mahaɗa kafin damina. Idan bai ba da dama ba, a sayar da filotai uku ko huɗu na farko a yi aikin da kuɗinsu, ragowar za su biya da riba.

Wuta sai an bi ta kamfanin rarraba lantarki na yankin, KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa. Kada ka yi alƙawarin taransifoma a talla sai ka san wa zai saya. Wurin rijiyar burtsatse a sa shi ta sama da gangare, nesa da inda ramukan masai za su taru.

Mataki na bakwai: ciniki da takardun masu saye

Kowane mai saye ya samu takardar yarjejeniya da lauya ya rubuta, mai ɗauke da lambar zanen da aka amince da shi, lambar fuloti, girmansa, lambobin duwatsunsa, kuɗin da aka biya, da shaidu. Sa hannun mai unguwa da dagaci yana da amfani, su suka san wa ya gaji wa, amma shaida ce, ba mallaka ba. Doka ta ce mayar da haƙƙin fili daga hannu zuwa hannu sai da yardar gwamna idan shi ya ba da takardar, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba ta rushe. Takardar wakilci da wasu ke bayarwa a madadin takardar sayarwa ba ta mayar da mallaka.

Idan gonar tana da satifiket guda, a nemi a karkasa shi yadda kowane fuloti zai samu fayil nasa. Mai saye ya bi ya nemi satifiket da sunansa, wanda na gidan zama yawanci shekara 99 ne, sannan ya kai zanen gininsa a amince kafin ya haƙa tushe. Gaya masa wannan tun a wurin ciniki, domin jan fentin da za a shafa wa katangarsa sunan unguwarka zai ɓata.

Dillalai a yi da su, su suka san masu kuɗi, amma a yanke la'ada tun farko, kuma kuɗin fili ya shiga asusu kai tsaye ba ta hannunsu ba. Ajiye littafi ɗaya da babban kwafin zane a wurin mutum ɗaya. Duk fulotin da aka sayar a shafa masa launi a rubuta suna da kwanan wata a ranar. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba kullum mugunta ke kawo shi ba, wani lokaci wa ne ya sayar a Kano ƙane ya sayar a waya daga Legas.

Filotan da aka ware wa jama'a su ne marayun zane. Shekara biyar nan gaba, idan wuri ya yi daraja, za a samu mai zuwa ya ce maka, "Baba, wannan filin makarantar fa zaune yake kawai." Tun yanzu a rubuta takardar waƙafi ko a miƙa su ga hukuma ko kwamitin unguwa da shaidu, a ba dagaci kwafi, a ajiye wani a fayil ɗin ma'aikata. Sannan a zagaye su ko da bulo sahu uku ne, a kafa allo mai lambar fuloti da abin da aka ware shi dominsa, a dasa darbejiya a kusurwoyin kafin ruwan farko.